Daga Akwatin Talabijin Zuwa Bangon Shago: Yadda Katun Ya Shiga Hannun Masu Fenti

Duk matafiyin da ya taso daga Damagaram ya nufi Agadas, tilas ne ya ratsa ƙasar Damargu. Bayan ya wuce matatar man fetur ta SORAZ da ke kusa da Bakin Birji, wadda aka buɗe a shekarar 2011, babban zangon da ke gabansa shi ne Tanut. An san wannan yanki da noman hatsi da kiwo, kuma tun zamanin ayari nan ne Abzinawa ke sauka su sayi gero kafin su fuskanci Sahara. Ba wanda zai ce maka ya je Tanut ko Balbeji domin kallon zane.

Amma da matafiyin zai ɗan dakata a tasha ya dubi bangaye da alluna, zai ga wani abu da mu mazauna muka saba da shi har muka daina lura. A ƙofar mai aski akwai kawuna masu manyan idanu. A bangon makarantar ƙananan yara, wadda muke kira jardan, ga wani ɓera mai faffaɗan kunnuwa yana riƙe da littafi. A bayan manyan motocin da ke fitowa daga Kano ga zaki ya buɗe baki, haƙoransa sun fi kansa girma. A jikin babur ɗin ɗan kabu-kabu kuwa, ga hoton wani jarumi mai gashi tsaitsaye kamar ƙaya.

Mai karatu, waɗannan duk ƴaƴan gida ɗaya ne. Uwarsu ita ce katun, wato zane mai motsi da yara ke kallo, wanda ƴan lakwal ke ce wa desan anime. Abin tambaya shi ne, ta yaya wannan baƙo ya shigo har ya zauna a hannun masu fentinmu, kuma me muka samu, me muka rasa?

Hanyar da baƙon ya biyo

Katun bai fara zuwa mana ta talabijin ba, ta takarda ya fara. Waɗanda suka yi lakwal tsakanin shekarun 1960 da 1980 za su tuna da mujallar Kouakou da ake rarrabawa a makarantun ƙasashen Afirka rainon Faransa, da kuma ƙananan littattafan zane irin su Zembla da Akim da Blek, waɗanda ɗalibai ke musaya da juna har sai sun yage. Masu gata su ne ke samun Tintin da Lucky Luke a ɗakin karatu. A bayan littafin rubutu na ɗan makaranta aka fara kwaikwayon waɗannan jarumai da biro.

Daga nan sai talabijin. Nijar na cikin ƙasashen Afirka da suka fara gwada koyarwa ta talabijin, tun a shekarar 1964, sa'annan Tele Sahel ta zo a ƙarshen shekarun 1970. A garuruwan da ke nesa da Yamai, akwati ɗaya ne ake ajiyewa a fili jama'a su taru su kalla. Sai bidiyo ta zo da ɗakunan kallo da ake shiga da ƴan daloli, sai faifan CD, sai tauraron ɗan'adam. A yau kuwa magana ta ƙare a wayar hannu: a shagon masu caji ake tura wa yaro katun a katin waya, wasu ma an fassara su da Hausa kamar yadda ake yi wa finafinan Indiya a Kano.

Ta haka ne Mickey Mouse, wanda ya fara fitowa a Amurka a 1928, da Tom and Jerry na 1940, da Spider-Man na 1962, suka iso mana. Daga baya na Japan suka biyo, irin su Dragon Ball na marigayi Akira Toriyama wanda ya fara a 1984, da Naruto da ya fara a 1999. Wata hanyar kuma da ba a cika ambata ba ita ce kasuwa. Jakar makaranta, da kwalin biskit, da rigar gwanjo, da takalmin roba, kusan duk da hoton katun suke zuwa. Yaron da ke rugar da ba ta da lantarki ma ya san fuskar Spider-Man, ko da bai san sunansa ba.

Abin da mai fenti ya ɗauka

Mafi yawan masu fentin alluna a garuruwanmu ba su yi makarantar koyon zane ba. Yaro ne da aka ga hannunsa na faɗawa tun yana aji, ko almajirin da ya iya zayyanar allo, sai ya bi wani ubangida yana wanke masa buroshi har ya ƙware. Irin wannan mutum ba ya ɗaukar abu don ado, sai don ya yi masa aiki. To, dabarun katun sun yi masa aiki.

Na farko, baƙin layi mai kauri da ake kewaye hoto da shi. Allon da za a kafa a bakin hanya, rana ta dake shi, ƙurar hunturu ta rufe shi, in ba shi da wannan layi, cikin shekara guda zai koma kamar tabon danshi. Na biyu, launi shimfiɗaɗɗe ba tare da inuwa ba. Mai fenti gwangwanaye ƙalilan yake iya saye: ja, da shuɗi, da rawaya, da fari, da baƙi. Zanen da ke son kama da hoton kyamara yana buƙatar haɗa launuka masu yawa da kuma lokaci, shi kuwa katun da launi huɗu ya tashi. Na uku, ƙarin gishiri. A katun ana kumbura abin da ake son ido ya fara gani. Saboda haka mai aski sai a ƙara wa kai girma don a ga irin askin, mai gyaran haƙori a faɗaɗa baki, mai sayar da kaji a zana zakara mai ƙirji kamar ɗan kokowa.

Akwai kuma dalilin da ya fi waɗannan nauyi. Fiye da rabin manyan mutane a Nijar ba sa karanta boko, kuma a kasuwa irin ta Tanut ko ta Balbeji ana jin Hausa da Barbarci da Buzanci da Fulatanci a wuri ɗaya. Rubutun Faransanci a kan allo bai isar da saƙo ga makiyayin da ya shigo gari ran kasuwa, amma hoton waya da igiyar caji ya isar. Ma'aikatan lafiya ma sun gane haka. Shi ya sa masu faɗakarwa kan rigakafi da ciyar da yara ke yawo ƙauyuka da manyan takardu masu zane irin na katun, suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Mu da ke aikin rediyo mun san iyakar murya: tana shiga ko'ina, amma ba ta iya nuna wa uwa yadda ake auna damtsen yaro. Zane ke yin wannan.

Kada kuma a ɗauka cewa aro baƙon abu ne a wurin mai zanen Hausa. Wanda ya zaga unguwar Birni a Damagaram ya ga adon da magina suka yi a fuskar gidaje. A Zariya da Kano, tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce, maginan sun riƙa sa keke da agogo da jirgin sama a tsakanin dagi da sauran zanen gargajiya. Abin da ido ya gani, hannu ya kan ɗauka.

Zanen da manya suka raina

Wannan lamari ba a ƙasarmu kaɗai ya faru ba. A birnin Los Anjalas na Amurka, daga ƙarshen shekarun 1960, wasu masu zane sun taso daga garejin fentin motoci da kuma littattafan barkwanci. Manyan gidajen nuna zane sun ƙi karɓar aikinsu, suna ganin na ƴan tasha ne. Ɗaya daga cikinsu, Ed Roth, ya ƙirƙiro wani mummunan ɓera mai suna Rat Fink, mai jajayen idanu, don ya zama kishiyar Mickey Mouse. Wani kuma da ya yi aiki a ƙarƙashinsa, Robert Williams, ya rungumi sunan rainin da ake kiran aikinsu da shi, ma'anarsa zanen marasa aji, ya sa shi a kan littafinsa. A 1994 shi da abokansa suka kafa mujallar Juxtapoz, wadda ta zama dandalin irin wannan zane. Yau manyan attajirai ke rububin abin da aka raina jiya.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Chéri Samba na Kinshasa, wanda aka haifa a 1956. Da fentin alluna da zanen barkwanci a mujalla ya fara. Da ya buɗe shagonsa a 1975, bai yar da abin da ya koya ba: ya ci gaba da sa rubutu a cikin zane kamar yadda ake yi a littattafan katun, da Faransanci da Lingala, yana magana kan cin hanci da cuta da zaman aure a birninsu. A 1989 aka nuna aikinsa a wani babban baje-kolin zane a Paris, daga nan duniya ta san shi. A Ghana ma, allunan tallar fim da masu fenti suka riƙa yi a kan buhun fulawa a shekarun 1980 da 1990, don masu yawo da bidiyo ƙauye-ƙauye, yanzu Turawa ke saye suna adanawa.

Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya yi suna don ya iya kwafe Mickey Mouse daidai. Dabarar suka ɗauka, suka zuba labarin garinsu a ciki.

Mutumin Tawa da kwaɗinsa

Abin takaici, ba ma buƙatar zuwa Kinshasa ko Amurka don koyon wannan darasi, domin a gidanmu aka fara bayar da shi. Yara nawa ne a Damargu suka san sunan Moustapha Alassane? An haife shi a N'Dougou a shekarar 1942, kuma tun yana yaro yake tara jama'a da wasan inuwa da fitila. Ya yi kanikanci kafin ya haɗu da Bafaranshen nan mai shirya finafinai, Jean Rouch, a Yamai. Daga baya ya je Kanada, inda ya ga aikin Norman McLaren, ɗaya daga cikin gwanayen zane mai motsi na duniya.

Da ya dawo, bai zana ɓeran Amurka ba. Kwaɗo ya zaɓa, dabbar da kowane yaro ya sani a bakin tabki da damina. A 1965 ya fito da La Mort de Gandji, wanda ya samu kyauta a bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. A wannan shekarar ta 1966 kuma ya yi Bon Voyage Sim, ɗan gajeren fim na minti 5, labarin shugaban jamhuriyar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki wata ƙasa, da faretin soja da jawabai da dukan tsarabe-tsaraben mulki. Shekara 6 kacal da samun ƴancin kai, mutumin ya faɗi abin da ɗan jarida ba zai iya rubutawa ba, kuma ba a iya kama shi, domin ai kwaɗi ne. A 1977 ya yi Samba le Grand da ƴan tsana masu launi. Akwai kuma Kokoa, inda ya kai kwaɗi da hawainiya da tsuntsaye filin kokowa, da makaɗa da ƴan kallo, tamkar dai gasar takobi da aka fara a Tawa a 1975.

Domin mai karatu ya san nauyin wannan aiki: fim na tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Ko da mai zane ya rage ya yi 12, minti ɗaya na cin zane 720. A lokacin da babu kwamfuta, da hannu ake yin kowane ɗaya. Moustapha Alassane ya shugabanci sashen sinima na jami'ar Yamai shekaru da dama, sa'annan ya koma Tawa da zama, yana ci gaba da aikinsa. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris, 2015. Allah Ya jiƙansa. A 2017 babban gidan adana zanen zamani na birnin New York ya ware kwanaki yana nuna finafinansa. Mutanen New York sun ga kwaɗin Nijar a babban allo, yaran Tanut kuwa Naruto suke gani.

Inda gizo ke saƙa

Matsala ta farko da ke gaban masu fentin hannu a yau ita ce injin buga alluna. Mai shago zai aika da sunan shagonsa ta WhatsApp zuwa Damagaram ko Maradi ko Kano, a ɗauko hoto daga intanet, a buga a kan leda mai faɗi, a ɗoro a mota. Aikin da mai fenti zai kwana biyu yana yi, inji ya gama kafin a sha shayi. Lokacin zaɓe, wanda a da shi ne kakar masu fenti, yanzu kusan duk na inji ne. Haka ya faru da bangon littattafan soyayya na Kano: da farko da hannu ake zana su, daga baya hoton kwamfuta ya karɓe. Gaskiya ne ledar ba ta jure ranar Damargu, tana kwaɗewa ta yage, amma mai shago na duba abin da zai biya yau ne.

A nan ne kwafe ya zama tarko. In dai abin da mai fenti ya iya shi ne ya zana Spider-Man, to inji ya fi shi iyawa, kuma ya fi shi sauƙin kuɗi. Abin da inji ba zai samo a intanet ba shi ne raƙumin da ke zumɓura baki don an yi masa lodin gishiri fiye da kima, ko ɗan kabu-kabun da ya ɗauko mutum uku da akuya, ko fuskar mai shayin unguwa da kowa zai gani ya yi dariya ya ce wane ne. Wannan sai wanda ya zauna a garin.

Matsala ta biyu ita ce ta fahimta. Malamai sun yi bayani mai yawa a kan zana abu mai rai, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta a kan abin da ya shafi wasan yara da koyarwa. Saboda haka akwai masu fentin da ke tsayawa a kan rubutu da furanni da kayan sayarwa, kuma wannan zaɓi ne da ya kamata a girmama. Sa'annan mutanen jihar Damagaram ba su manta da ranar Juma'a 16 ga Janairu, 2015 ba, lokacin da zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa ya jawo tarzoma a birnin, aka rasa rayuka, aka ƙona majami'u da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar. Tun daga nan, kalmar zanen barkwanci na sa wasu iyaye ɗaure fuska. Sai dai ya kamata a bambanta. Wuƙar da ɓarawo ya riƙe, irinta mahauci ke neman halalinsa da ita. Zanen da ke koya wa uwa haɗa ruwan gishiri da sukari ba shi da haɗi da zanen cin mutunci.

Matsala ta uku ta fi shafar yara. Yaron da ya buɗe ido ya ga duk jarumin da ke bangon makarantarsa baƙo ne, ba mai kamarsa, ba mai irin tufafinsa, wane darasi yake ɗauka ba tare da an faɗa masa ba? Alhali muna da Gizo da Ƙoƙi, muna da Kura da Dila da Ɓotorami, waɗanda kakanni suka raine mu da su a dandali. Gizo ya fi Jerry wayo nesa ba kusa ba, amma har yau ba a ba shi fuskar da kowane yaro zai gane ba. Wasu sun gwada a wurarensu kuma sun ci riba. Fim ɗin Kirikou na 1998, wanda aka gina a kan tatsuniyoyin Afirka ta Yamma, ya zaga duniya. Aya de Yopougon, labarin wata unguwa a Abijan, ya fara a littafi a 2005 ya zama fim a 2013. A Abuja, Adamu Waziri ya ƙirƙiro Bino and Fino don yaran Najeriya su ga masu kama da su.

Abin da za a iya yi

Gyaran bai buƙatar miliyoyi. Hukumomin garuruwan Tanut da Gangara da Olelewa da Falanko da Tenhiya da Tarka suna ba da aikin fentin azuzuwa da ɗakunan shan magani. Me zai hana a sa sharaɗi cewa mai fentin gida za a ba, kuma abin da za a zana ya fito daga tatsuniyoyinmu da rayuwarmu? Masu makarantu masu zaman kansu su ma su duba, kuɗin da za a biya a zana ɓeran Amurka shi ne dai za a biya a zana Gizo. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a yankin, maimakon su zo da hotunan da aka buga a Yamai ko a Turai, su gwada ba ɗan gari ya zana musu, su ga wanne jama'a za su fi tsayawa kallo.

Hukumomin al'adu kuwa, bashi ne a kansu su nemo finafinan Moustapha Alassane su kai su makarantu da gidajen matasa. Gajeru ne, kuma yawancin abin da ke cikinsu ido ke fahimta ba sai an fassara ba. Mu ma ƴan rediyo muna da namu: filin tatsuniya da muke yi wa yara zai iya zama gasa, a karanta labari, a ce kowane yaro ya zana Gizo yadda yake ganinsa, a kafa mafi kyau a ƙofar gidan rediyo.

Ga masu fentin kansu, shawara ɗaya ce. Layi mai kauri da manyan idanu da kuka aro, ku riƙe su, sun zama naku. Amma kayan aro ba ya rufe katara. Ranar da mai shago ya gane cewa akwai hoton da ba zai samu a wurin inji ba sai a wurinku, ranar ce zai dawo da cinikinsa. Allah Ya sa albarka a sana'a.